Godiya ga Sashen Lissafi da ya riƙe hannun 'yata a kwas ɗin kalkulas

Zuwa ga Shugaban Sashen Lissafi da malamansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda yabon gwani ya zama dole. Ni tsohon malamin firamare ne, 'yata kuma tana karatun injiniyanci a jami'arku. Na sakaya sunan jami'ar domin zan taɓo wasu ofisoshi da ke cikinta, kuma ba tonon silili ya kawo ni ba. Waɗanda nake wa godiya sun san kansu.

Yarinyar ta faɗi MTH 102 a zango na biyu na shekararta ta farko, wato kwas ɗin kalkulas, lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, da ɗaliban kimiyya da injiniyanci ke yi tun a aji ɗaya. Ta dawo gida ko abinci ba ta iya ci, tana cewa ita kam kanta ba ya ja, gara ta sauya fanni. Yarinyar da ta ci lissafi da kyau a WAEC! Na ce bari in je da ƙafata in ji dalili. Abin da na gani ya ɓata min rai. Wannan ofis ya tura ni wancan, wancan ya ce oga ya fita, a dawo gobe. Wani ma'aikaci ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce, "Baba, nan fa jami'a ce, ba a zuwa bin kadin yara." Na shekara da shekaru ina karɓar iyaye a makaranta, ban taɓa barin uba a tsaye ba.

Da wannan zuciyar na shigo sashenku, ina jiran irin amsar da na saba ji. Sai malamin da ke kula da 'yan aji ɗaya ya miƙe, ya ba ni kujera, muka gaisa yadda ya kamata, ya ce a shigo da yarinyar. Bai tambaye ta maki nawa ta samu ba. Ya miƙa mata takarda da biro, ya ce ta warware masa (x + h)². Ta rubuta x² + h². Ya dube ni ya ce, "Baba, ga inda gizo ke saƙar." Ashe ta haddace cewa a kalkulas saurin sauyawar x² shi ne 2x, amma ba ta san daga ina hakan ya fito ba. A gabana ya zauna da ita: amsar ita ce x² + 2xh + h², a cire x², a raba abin da ya rage da h, sai a samu 2x + h. Idan h ya yi ta ƙanƙancewa yana kusantar sifili, 2x ke saura. Wancan 2xh da ta yar, shi ne gaba ɗaya darasin. Ya ce da yawan masu faɗuwa kalkulas, aljabarar sakandare ce ke kayar da su.

Ni ma bai bar ni a baya ba. Ya ce idan mota ta ci kilomita 160 cikin awa 2, matsakaicin gudunta 80 ne a awa, amma allurar da ke gaban direba gudun wannan lokacin take nunawa, kuma rabin kwas ɗin hanyar lissafa abin da allurar ke faɗa ne. Ɗaya rabin kuma shi ne tara ƙananan gutsattsari har a san faɗin fili ko cikin tanki. Sannan ya gaya mata abin da na ga ya fi sanyaya mata rai. Newton a Ingila da Leibniz a Jamus ne suka shimfiɗa wannan ilimi, Leibniz ya wallafa nasa a 1684, kuma alamar dy/dx da take rubutawa tasa ce. Amma sai a 1821 Cauchy a Faransa ya ɗora maganar kusantar sifilin nan a kan tushe mai ƙwari. "'Yata," in ji shi, "abin da ya ɗauki manyan masana sama da shekara 130, ba abin kunya ba ne don ya gagare ki a zango ɗaya."

Sauran abubuwa sun tafi lami lafiya. Sakatariyarku ta nuna mata yadda za ta sake rajistar kwas ɗin, aka sa ta a darasin ƙari na ranar Asabar da ɗaliban digiri na biyu ke gabatarwa, ba a karɓi ko sisi ba. Ta sake zama jarrabawar, ta fito da B. Allah ya saka muku da alheri, ya shirya muku zuri'a, ya ji ƙan magabatanku.

Abin da ke damuna shi ne 'ya'yan da ba su dace da irin wannan malami ba. Na san wuraren da ake cusa ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya babu lasifika, na baya ko allon ba sa gani, idan rabinsu sun faɗi a ce yaran yanzu ba sa karatu. Na san inda sai ka sayi takardun malami kafin a ga sunanka a gwaji. Tun daga ƙasa ma aka ɓata abin: makarantun sakandare da dama ba su da mai koyar da babban lissafi, wanda ke akwai kuma an ɗora masa azuzuwan da suka fi ƙarfinsa, sai ya koma bai wa yara hadda don su haye jarrabawa. Yara mata sun fi cutuwa, domin da an faɗi sau ɗaya sai dangi su ce dama injiniyanci ba na mace ba ne, a dawo da ita gida. Ina roƙon hukumomin ilimi na jihohinmu su fara ɗaukar malaman lissafi aiki, su kuma biya su a kan lokaci.

Wassalam.
Naku,
Mahaifin wata ɗalibarku