A duba haruffan kanun labarai kafin a manta da masu ƙugiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na lura kun sauya fasalin rubutun kanun labaranku zuwa irin haruffan nan da ake ginawa da da'ira da miƙaƙƙen layi, kuma gaskiya sun yi kyau. Ana hango su daga nesa a teburin mai sayar da jarida.

Wannan salo ya daɗe. Wanda ya fi shahara a cikinsa shi ne Futura, wanda Bajamushen nan Paul Renner ya zana, kamfanin Bauer na birnin Frankfurt ya fitar da shi a 1927. Da shi aka rubuta allon da 'yan sama jannatin Amurka suka bari a duniyar wata a 1969. Daga baya aka sami Avant Garde a 1970, sai Gotham wanda Barack Obama ya yi yaƙin neman zaɓe da shi a 2008. Duk inda ake son kalma biyu ko uku su ja ido, kamar fosta ko allon kanti, nan ne gidansu.

Sai dai akwai abin da ke damuna. A irin wannan zane, b da d da p da q kusan abu ɗaya ne: da'ira da sanda, sai dai a juya su. To mu Hausawa muna da ƙari a kai, wato ɓ da ɗ, ga kuma ƙ, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suna da ƴ. Abin da ke raba su da takwarorinsu 'yar ƙugiya ce a sama. Yawancin masu zana waɗannan haruffa ba da Hausa a zuciya suka zana su ba, shi ya sa kwamfuta idan ta nemi ƙ ta rasa, sai ta aro daga wani fasalin daban. A shafinku na farko na ga kan labari mai kauri, amma ɗ ɗin da ke ciki siririya, ta fi sauran gajarta. A wani wurin ma an zubar da ƙugiyar baki ɗaya don a huta. Yaran da ke koyon karatu da jaridarku haka za su ɗauka ana rubutawa, wannan kuwa yana ci mini rai.

Abin takaicin shi ne, babu salon da ya fi wannan dacewa da ƙugiyarmu. Sandunan Futura dogaye ne, akwai fili a sama, ƙugiyar kuma yanki ce ta da'ira, wadda dama ita ce tushen zanen.

Roƙona, kafin ku tsayar da fasalin, ku buga ɓ, ɗ, ƙ da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ ku gani da idonku. In babu su, ku sa mai zane ya ƙara su da kauri daidai da sauran. Cikin labarin kuma ku bar shi da haruffan da kuka saba, domin waɗannan masu da'ira suna gajiyar da ido idan aka ƙanƙanta su.

Na gode.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Zariya