Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni gurgu ne, shan inna ce ta kama ni tun ina yaro, da keke nake yawo. Shekara shida ina aikin akanta a wani kamfani, ba a taɓa kama ni da kuskuren ko sisi ba, kawai rana ɗaya aka ce sashenmu ya koma hawa na biyu, ba lifta, sai matakala. Kullum da safe maigadi da masinja ne ke ɗaga ni kamar buhun masara, ɗaya ya kama hammata ɗaya ƙafa, wani ya biyo mu da keken, ga mutane suna kallo. Banɗaki kuma yana ƙasa, to sai na daina shan shayi da safe, ka gane dai. Na rubuta wa oga na ce a bar min tebur ɗaya a ƙasa, tebur ɗaya fa, sai ya ce wai ba a yi wa mutum ɗaya tsari, bayan wata biyu aka miƙo min takardar sallama wai ana rage ma'aikata, kuma ni kaɗai aka rage.

Yallaɓai ka fi ni sanin dokar 2018 da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta haramta nuna mana wariya, kamfani tarar naira miliyan 1, mutum kuma dubu 100 ko wata 6 a gidan yari, ta ce a ba mu kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Miliyan 1 ɗin ma a yau nawa take, wani manajan kuɗin man motarsa ne.

Na je wurin lauya ya ce ina da gaskiya, mu tafi kotun ma'aikata, amma da ya faɗi kuɗinsa wallahi sai na juya kekena. Wanda aka kora ina zai samo kuɗin shari'ar da ba a san ranar ƙarewarta ba?

Don Allah hukumarku ta ajiye mana lauyoyi a kowace jiha da za su tsaya mana kyauta, ko da mutum biyu ne. Takarduna suna nan a leda, har kwafin wasiƙar tebur ɗin.

Naka,
Wani akanta daga Kaduna