Uban Hindatu, a raye ko a mace?

Daga ƙauyenmu, kusa da Ringim

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan sai godiya, gero ya shigo gida, saura dawa da wake.

Na karanta littafi na uku da ka turo ta WhatsApp, na kuma ga abin da ya hana ka barci. A gajeren labarinka na farko Hindatu marainiya ce, har ka nuna mana an fito da mahaifinta a makara bayan la'asar. Yanzu ga shi da ransa yana karɓar sadakinta. Ka ce za ka shafe tsohon labarin kamar ba a yi ba. Kada ka soma. Ya riga ya zaga wayoyi, matan gidanmu ma sun haddace shi, su za su fara tsare ka.

Ni a ganina mafita tana cikin gidajenmu. Yara nawa ka sani da suka tashi a hannun baffa, suna ce masa Baba, sai da aure ya zo suka ji gaskiya? To, wanda aka binne mariƙinta ne. Ka ga ka tsinci babi guda a ɓagas: me ya sa uban ya bayar da ita, wa ya ɓoye mata, ina ya shige ranar jana'izar ɗan'uwansa?

Ba a kanka aka fara ba. Tolkien, marubucin Ingila, ya fitar da littafinsa The Hobbit a 1937. Da ya zo rubuta The Lord of the Rings, sai yadda Bilbo, jarumin The Hobbit, ya samu zoben sihirin da ke cikin labarin ya ƙi dacewa. A bugun The Hobbit na 1951 ya gyara babin, amma bai musanta tsohon ba, cewa ya yi ƙarya ce Bilbo ya shara wa abokansa.

Sai dai maganar shekaru ba dabarar da za ta cece ka. Ka ce an haifi Hindatu shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, wato 1991, sannan ka mai da ita 'yar goma sha takwas a ambaliyar 2022. Haba malam! Ka gyara wannan tun kafin a kai maɗaba'a. Ka kuma sayi littafin rubutu, kowane mutum da shafinsa: shekarar haihuwa, uwa, uba, gari.

A gaida uwargida da yara. Ina jiran na huɗu.

Naka,
Amininka