Wai yaran Zango ba su isa rubuta labari da Turanci ba?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi tun daren Lahadin nan raina a ɓace yake kuma ba zan ɓoye maka ba. Wannan baƙon da kuka kawo a shirinku na rediyo mai cewa wai koyar da rubutun gajeren labari a ajin Turanci ɓata lokaci ne ga yaranmu na Zango, unguwanninmu masu jin Hausa a nan Gana, wai su fara gyara nahawu tukuna tunda a gida Hausa suke ji, labari kuma a bar wa 'ya'yan masu hali da ke makarantun kuɗi, haba Malam! Abin da ya fi ƙona min rai ma mai gabatar da shirin sai "haka ne, haka ne" yake ta yi, ko sau ɗaya bai tambaye shi yaushe rabonsa da ya riƙe alli ya tsaya gaban yara ba.

Ni ticha ne, Turanci nake koyarwa a wata JHS, wato ƙaramar sakandare, ta gwamnati a nan wajen Asawase cikin Kumasi, yarana yawanci daga Aboabo da Sawaba da Akwatia Line suke zuwa. Wannan nahawun da yake ta kururutawa ai shi muke yi kullum, safe da rana. Ka ba yaro jimla da gurbi ka ce ya cike, zai cike daidai, ka ba shi goma ya ci tara, amma ka miƙa masa farar takarda ka ce rubuta min abin da ya faru a gidanku jiya sai ya zura maka ido, biro a baki, har a buga ƙararrawa bai wuce layi biyu ba. To ina amfanin nahawun da ba ya fitowa idan yaro yana son ya faɗi abin da ke cikinsa? Ko yaron tela ai takardar siminti ake ba shi tun farkon zuwansa ya hau keke ya yi ta ɗinki a karkace, ba a ce masa zauna sai ka haddace sunan kowane ƙarfe na keken.

Kuma baƙon naku kamar bai san cewa a BECE ɗin ma, jarrabawar kammala JHS da yake tsoratar da iyaye da ita, akwai tambayar rubuta labari ba. Hukumar jarrabawa ta WAEC takan ce yaro ya rubuta labarin da zai ƙare da wata magana ko ya nuna ma'anar wani karin magana. Tunda ba a koya musu yadda ake gina labari ba me suke yi? Pasko. Su sayi littafin tsofaffin tambayoyi su haddace labari ɗaya su je su zubar, abin nan da kowa a Gana ya sani na a tauna a zubar a ci jarrabawa a manta. In kana makin jarrabawar gwaji sai zuciyarka ta mutu, takarda bayan takarda labari ɗaya ne, yaro ya ƙi jin maganar iyaye, ya bi miyagun abokai, ya shiga fashi, 'yan sanda suka kama shi, yana kuka yana da na sani. Har sunayen iri ɗaya, kuma ba za ka taɓa ganin sunan ɗan Zango a ciki ba, kamar a unguwarmu ba a rayuwa. Ranar da tambayar ta ɗan juya kuwa shi ke nan, sun faɗi.

Bari in gaya maka abin da nake yi ran Juma'a kafin a tashi zuwa masallaci. Ina ce musu kowa ya juya ga na kusa da shi ya ba shi labari da baki, da duk yaren da ya ga dama, Hausa ko Twi ko Dagbani, sharaɗina ɗaya ne, ya zama akwai abin da ka gani da idonka a ciki ko da sauran ƙirƙira ce. Ajin yakan kaure kamar kasuwa kuma ban damu ba. Bayan haka kowa ya rubuta nasa da Turanci, kuma rubutun farko ba na sa masa jan biro sam, saboda yaron da ya ga takardarsa ta yi ja jawur ba zai ƙara sakin hannu ba, jimloli 'yan guntaye zai koma yi don kar ya yi kuskure. Sai sun karanta wa juna da ƙarfi sannan mu ɗauki abu ɗaya tak mu gyara, wannan sati aikatau na abin da ya wuce, sati na gaba alamomin zance idan mutum biyu suna magana.

Akwai wani yaro da ke zama can baya, bayan an tashi yana taya kawunsa aikin tsofaffin ƙarafa a Akwatia Line, hannunsa kullum da baƙin mai, a aji ba ka jin muryarsa, kowa ya gama yanke cewa ba ya ja. Ya rubuta labarin daren da ruwan sama ya cika gota ya shigo musu ɗaki, yadda mamansa ta fara ɗaukar keken ɗinki ta ɗora a kai kafin ta tuna da katifa, ƙanensa kuma yana tsaye kan tebur riƙe da allonsa na makaranta yana kuka kar rubutun ya wanke. Turancin duk a karye amma da ya karanta ajin tsit ya yi. Can sai ya biyo ni da littafin ya ce, "Ticha, yaya zan yi in nuna ruwan ya riga ya shiga ɗakin kafin Baba ya dawo daga masallaci?" Malam, wannan fa shi ne darasin nahawun da na sha rubutawa a allo bai taɓa shiga kansa ba, ranar da kansa ya zo nema saboda labarinsa ne yake bukata, kuma tun daga nan bai ƙara kuskurensa ba. Wannan yaron ne baƙonku yake cewa ya jira tukuna.

Ban ce abin da sauƙi ba. Ajin cike yake maƙil, laburare babu, littattafan rubutun a jaka nake kwaso su gida in duba da dare. Amma ko sabuwar manhajar da NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu ta Gana, ta kawo a 2019 ta sa ƙirƙira cikin abubuwan da ake so kowane yaro ya iya, ba ta ce banda ɗan Zango ba.

Maganar wai Hausar gida ce matsalarmu kuwa ita ce ta fi min ciwo. Yaran nan da Hausa suke tashi, su karanta Larabci a makarantar allo, su yi ciniki da Twi a kasuwar Kejetia, su zo aji su tarar da Turanci, kuma Hausar tasu ba ta cikin yarukan Gana da ake rubutawa a BECE, a nan Kumasi Twi suke zaunawa. Yaron da yake juya harshe huɗu a rana shi ne za a ce kansa bai ɗaukar labari? Wanda kakarsa ta raine shi da Gizo da Ƙoƙi, abokinsa na benci kuma da Ananse, Gizon tatsuniyoyin Twi? Mohammed Naseehu Ali a nan Kumasi aka haife shi a 1971, ɗan Zango ne, labarinsa na wani mai shayi a layin Zango mujallar The New Yorker ta Amurka ta buga shi a 2005, da Turanci. Kafin shi da daɗewa Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, yana zuba waƙoƙi da Hausa da Larabci a ƙasar nan. Duk lokacin da na gaya wa yarana wannan sai ka ga sun gyara zama.

Abin da nake roƙo, ku ba mu fili ko na rabin awa ne, ku kira ticha na gaske wanda yake cikin aji, da izinin iyaye a zo da yara biyu ko uku su karanta abin da suka rubuta, jama'a su ji da kunnensu.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Daren nan na yi ta bugawa har kiredit ɗina ya kusa ƙarewa bai shiga ba, amma masu kiran nan na kullum da duk mun haddace muryoyinsu su kam ba sa rasa layi, su shigo su yi ta gaishe-gaishen 'yan uwa da abokan arziki har lokaci ya ƙare, sai tallan maganin gargajiya ya biyo baya a yanke shirin ana tsakiyar magana. Matan unguwarmu ma suna ta wannan ƙorafin, ku gyara.

Wassalam,
Wani ticha daga Asawase, Kumasi