Rahoton Kwamitin Gyaran Imel na Makaranta: Ɗakin Sabar da Ƙofofinta

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Shugaba, malamai da sauran ma'aikata, ga bayanin aikin da aka ɗora mana na gyara imel ɗin makaranta. An kammala, kuma kowa na iya aikawa da karɓar saƙo ta waya ko ta burauza. Lissafin kuɗi da rasiɗai suna hannun ma'aji, shi zai karanta a taro.

Ranar da aka kafa kwamitin bakin kowa ɗaya ne: sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da imel ɗinmu, ta tsufa, a sayo sabuwa. Mu ma da wannan niyya muka buɗe ɗakin. Sai muka tarar silin ya yi tabon ruwa daidai saman teburin, ƙurar hunturu ta toshe fankar kwamfutar ta zama kamar curin auduga, batiran inbata kuma sun daɗe da mutuwa, da an ɗauke wuta sai sabar ta faɗi tana tsakiyar aiki. Kafinta ya canza kwanon da ke yoyo da silin, magini ya toshe tagar da iskar hunturu ke shigowa ta ciki, mai lantarki ya ja wa ɗakin layinsa na daban, aka sa sababbin batira. Da aka hure kwamfutar aka canza mata faifan ajiya, sai ga ta lafiya ƙalau. Ba mu sayi sabuwa ba. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba.

Sabar imel gida ce mai ƙofofi da yawa, kowace da lambarta da irin baƙon da ke bi ta cikinta. Tamu an bar waɗanda ya kamata a rufe a buɗe, waɗanda ake buƙata kuma ba a taɓa saita su ba. Ƙofa ta 25 ta sabobi ce su da su, ta nan Gmail ko Yahoo ke kawo mana saƙo. Amma wayoyin malamai duk ta 25 aka saita su don aikawa, alhali kamfanonin intanet da yawa suna toshe ta saboda masu watsa tarkacen saƙo. Shi ya sa mutum zai aika daga ofis ya tafi, ya koma gida ya gwada ya maƙale. Tun 1998 aka ware 587 domin mai akwati ya miƙa saƙonsa da suna da kalmar sirri, a 2018 kuma aka dawo da 465, wadda ke ɓoye zance tun daga sallama. Mun buɗe su biyun a Postfix, manhajar da ke aikawa da karɓar saƙo a sabar, muka hana 25 karɓar kalmar sirrin kowa.

Ɓangaren karɓa shi ya fi jawo mana surutu. Wata safiya Magatakarda ya shigo ɗakin da wayarsa a hannu, ko zama bai yi ba.

"Malam, wa ya share mini saƙonni? Jiya da dare na gan su da idona."

"Ranka ya daɗe, an kunna kwamfutar ofishinka yau?"

"Yanzu sakatare ya kunna ta."

Muka bi shi ofis, ga saƙonnin can jere reras. Kwamfutar tana kan tsarin POP3 ne ta ƙofa ta 110, wanda idan ba a ce masa ya bar kwafi ba, kwashe wasiƙu yake yi daga sabar ya bar akwati wayam. Ɗaya tsarin kuwa, IMAP, yana barin komai a sabar, waya da kwamfuta da burauza duk abu ɗaya suke gani. Don haka muka mayar da kowa IMAP ta 993, muka rufe 110 da 143 daga waje, domin a yadda aka saita su a da, kalmar sirri tsirara take wucewa. Ofishin kuɗi sun nemi a bar musu POP3 saboda suna son ajiyarsu a kwamfutarsu, mun yarda, amma ta 995 kawai.

Shafin karanta imel a burauza a da sai an rubuta masa wutsiyar :8080 a ƙarshen adireshi, babu alamar kwaɗo, kuma rabin ma'aikata sun manta da wutsiyar sun ɗauka shafin ya mutu. Yanzu manhajar Roundcube ce ke riƙe da shafin a kan ƙofa ta 443 mai tsaro, adireshi kawai za ka rubuta. Shafin yana magana da Dovecot, manhajar da ke kula da akwatunan saƙo, da Postfix a cikin na'ura ɗaya, zancensu ba ya fita waje. Takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt ce, kyauta, tana yin kwana 90 tana sabunta kanta.

A nan muka yi namu kuskuren, gara mu faɗa da bakinmu. Cikin zumuɗin rufe ƙofofi muka haɗa da 80, muna ganin ai ba ta da tsaro. Da muka gwada sabunta takardar sai gwajin ya faɗi, domin ta 80 ɗin ce Let's Encrypt ke leƙowa ta tabbatar adireshin namu ne. Saura kaɗan garin neman gira mu rasa ido, don da ba mu gwada ba, sai bayan wata uku kowa ya wayi gari da jan gargaɗi. Mun sake buɗe ta, aikinta biyu kacal: wannan tabbatarwa, da tura duk wanda ya shigo zuwa 443.

Malaman jarrabawa sun yi ƙorafin cewa takardar sakamako da aka ɗauka da sikana ba ta liƙuwa. PHP, wanda shafin ke aiki a kansa, daga masana'anta megabayit 2 yake yarda a ɗora, Postfix kuma kusan 10. Mun ɗaga duka biyun, muka ba Postfix rara, saboda fayil yana ƙara kumburi da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka naɗe shi cikin saƙo. Kada dai a wuce megabayit 25, nan ne iyakar da Gmail ke ba masu aikawa, kuma ita muka bi.

Abin da ya fi cin lokaci ba a ɗakinmu yake ba. Wani ya shiga akwatin ɗaya daga cikinmu yana ta watsa tarkace da sunan makaranta, har lambar intanet ɗinmu ta hau jerin masu watsa tarkace na ƙungiyar Spamhaus. Kalmar sirrin akwatin sunan makaranta ce da 123 a gaba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun sa kowa ya canza tasa, muka ɗora fail2ban mai korar duk wanda ya yi ta kuskuren kalma a jere, sannan muka nemi a cire mu daga jerin. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta: mai aiko musu sai yana da SPF ko DKIM, wato shaidar cewa saƙon daga gare shi ya fito, kuma lambarsa ta intanet ta nuna sunan sabarsa idan aka bi ta baya. SPF da DKIM da abokin aikinsu DMARC a yini ɗaya muka rubuta su. Bin bayan kuwa, wato PTR, kamfanin da ke ba mu intanet ne kaɗai zai iya sa shi, kuma sai da muka yi ta zarya da wasiƙa kafin mu sami wanda ya gane abin da muke nema.

Saura abu biyu. Tsofaffin wayoyin da Android ɗinsu bai kai 7.1.1 ba suna ƙin amincewa da takardar tsaron. Mai irinta kada ya danna "ci gaba" a kan gargaɗi. Na biyu, kwafin ajiya har yanzu a faifai yake cikin ɗaki ɗaya da sabar, wanda bai kwanta mana ba. Muna roƙon Shugaba ya amince a sayi faifai na biyu da za a riƙa kaiwa ofishin ma'aji duk Juma'a.

Wanda wayarsa ba ta koma 993 da 465 ko 587 ba, ya kawo ta ɗakin kwamfuta bayan azahar. Ya zo da cajarsa.