Uwata, kafin ki tafi Karmel

Uwata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Muna nan lafiya, an gama shigar da dawa rumbu, ƙafar nan tawa ce kawai take tashi idan sanyin asuba ya sauko. Ƙannenki suna gaishe ki.

Gwaggonki ta kira ni ran Talata. Kada ki ga laifinta, ni na matsa mata. Ta ce ran Lahadi bayan Misa kin yanke jiki kin faɗi a ƙofar coci, sai da matan zumunta suka yayyafa miki ruwa. Ta ce wata uku ke nan sau ɗaya kike cin abinci a rana, shi ma loma kaɗan, kuma ta sha tashi cikin dare ta same ki durƙushe a kan siminti ko tabarma babu. Da ta yi magana kika ce shirin shiga Karmel, gidan zuhudun Sistoci, kike yi bayan Ista. Ni kuwa duk wayar da muka yi, amsarki ɗaya ce: "Baba, lafiya lau nake." Tun daga ranar ban yi barcin kirki ba.

Na san maganar da na yi miki da Kirsimeti, cewa ban yarda ki tafi ba, ta yi zafi. Ba zan janye ta duka ba, don ba ƙiyayya ce ta sa na faɗa ba, kuma ba maganar yaron nan ko kayan da suka kawo ba ce, ko da yake na san haka kike zato. A ranar kin ce mini ai Waliyyiya Tereza ma ba da yardar mahaifinta ta tafi ba. Gaskiya ne. Ni na fara ba ki labarinta a gindin mangwaron coci lokacin ina katikis, ke kina riƙe mini alli. A farkon Nuwamba 1535, tana da shekara 20, ta sulale daga gidan ubanta a Abila ta ƙasar Sifaniya da sassafe, ta shiga gidan zuhudu na Karmel da ke bayan ganuwar garin. Ita da kanta ta ce ji ta yi kamar ana raba ƙasusuwanta ɗaya bayan ɗaya.

Amma a nan kika ajiye labarin, Uwata, alhali da saura. Ba a daɗe ba ciwo ya kayar da ita. Wa ya zo ya ɗauke ta? Uban nan da ta bari. Shi ya kai ta ƙauye wurin wata mai magani, maganin ya kusa ƙarasa ta. A watan Agusta 1539 ta yi kwana huɗu ba ta san inda take ba. An haƙa kabari a gidan zuhudu, an ɗiga mata kakin kyandir a fatar ido yadda suke yi wa mamaci, tsohon ya kafe ya ce ba za a binne masa 'ya ba. Ta farka, amma sai da ta yi kusan shekara uku jikinta a shanye, har ranar da ta fara rarrafe ta yi ta yabon Allah.

Kowa ya ji labarin nan waliyyiya yake gani. Ni tun ran Talata tsohon nake gani, zaune bakin gado yana korar masu shirin jana'iza. Kin san wadda ita ma ta riƙa ce mini "lafiya lau" har zaninta ya daina zama a ƙugunta. Kina nan daren da muka yi ta neman mota. Ke kika riƙe fitila. Yanzu ke ce za ki yi mini irin wannan ɓoyon? Fuskarta kika ɗauko, muryarta kika ɗauko, ashe har shirun nata ma kin ɗauko. Ba zan iya yin wannan zaman sau biyu ba. Ko tari na ji kin yi a waya gabana faɗuwa yake yi.

Kuma bari in gaya miki ba tare da kwana-kwana ba: wannan abin da kike yi ba na Tereza ba ne. Ba yunwa ce ta mai da ita abin da ta zama ba. Kusan shekara 20 ta yi tana fama da addu'a a bushe, kunnenta na kan agogo tana jiran sa'ar ta cika, har akwai lokacin da ta daina ma gaba ɗaya. Sai a 1554, tana dab da shekara 40, ta tsaya gaban siffar Almasihu cike da raunuka, zuciyarta ta karye. Ke kina so ki cim ma a wata uku abin da ta jira shekara 20, kamar ana iya ja wa Allah hannu. Ita addu'a a wurinta abota ce, yawan keɓewa da wanda ka san yana ƙaunarka. Wane aboki ne zai ji daɗin ganinki kwance a ƙofar coci?

Ban ce ba ta da tsanani ba. Gidan da ta fara shiga mata sun haura ɗari, baƙi na shiga da fita, 'ya'yan masu hali har da barorinsu. Shi ya sa a 1562 ta buɗe ƙaramin gida da sunan Waliyyi Yusufu, da 'yan mata huɗu, ta ce kada su wuce 13. Ba nama, ba fita, takalmin igiya, shiru da talauci. Amma wannan matar ce ta rubuta labarin wata da take yin sa'a takwas a sandare ana cewa Ruhu ne ya ɗauke ta. Da aka sa ta ci, ta yi barci, ta rage horon jiki, abin ya wuce. Tereza ta ce wannan ba wahayi ba ne, rauni ne da ɓata lafiya. Ita da take ganin abubuwan da ba a gani ba ta taɓa ɓoye wa Fadan da ke sauraron ikirarinta komai ba, ko lokacin da wasu suka ce mata aikin Shaiɗan ne. Ke kin gaya wa Fada yadda kike azumin nan? Ko ke kika yanke wa kanki? In ke kika yanke, son kai ne ya sa rigar ibada. Gwaggonki ta ce ko madafa kin daina shiga, wai lokacin addu'a ne, kin bar tsohuwa da tuƙin tuwo. Tereza ta gaya wa Sistocinta Ubangiji yana yawo ko a tsakanin tukwane. Gidaje 17 ta kafa tana bin hanya a keken alfadari, cikin rana da ruwa, har ta rasu a 1582 tana da shekara 67. Da ƙafafun da suka shanye ta yi wannan, don ta yarda an yi jinyarta.

Na yi faɗa da yawa. Ki yi haƙuri, tsoro ne.

Wane ni in tsaya tsakaninki da kiran Allah. Uban Tereza ma daga baya shi ya riƙa zuwa wurinta yana koyon addu'a, kuma da ciwon ajali ya kama shi a 1543 ta fito ta yi jinyarsa. Na san a irin gidan da za ki ba za a bar ki ki fito ki yi tawa ba, don ita ce ta rufe wannan ƙofar da hannunta. Na daɗe ina tauna wannan, na haɗiye. Ban tambaye ki wa zai ba ni ruwa ba. Abin da nake roƙo shi ne ki je asibiti a duba jininki makon nan, ki zauna da Fada ki gaya masa komai, har simintin. Sannan ki zo gida da Ista ki zauna da mu ko mako biyu ne, in ga kina cin tuwo da idona. In har lokacin zuciyarki tana nan, ba sai kin fita da asuba a ɓoye ba. Zan sa babbar rigata in raka ki har ƙofa da rana tsaka, in sa miki albarka a gaban Sistocin.

Na ba direban kasuwar Juma'a acca mudu huɗu, da zuma, da man gyaɗa. Kuɗin asibiti suna ƙulle a cikin accar, ki duba kafin a juye. Zumar taki ce, ba ta rabo ba. Ki kira ni idan sun iso.

Ni ne,
Babanki