Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakataren TETFund Kan Gyaran Laburaren Jami'o'i

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da kuɗin da asusun da kake jagoranta, wato TETFund mai tallafa wa manyan makarantun gwamnati, yake fitarwa don gyaran gine-ginen laburare a jami'o'in gwamnati, da kuma halin da ɗalibai da malamai suke shiga tun daga ranar da ɗan kwangila ya kewaye gini da kwano har ranar da aka buɗe shi. Roƙona guda ɗaya ne: kada asusun ya saki kuɗin gyaran kowane laburare sai jami'ar ta nuna a rubuce inda masu karatu za su zauna, da yadda littattafai za su riƙa isa hannunsu, muddin aikin yana gudana.

Babu mai musun cewa gyaran ya wajaba. Laburaren Kenneth Dike na Jami'ar Ibadan gini ne na shekarun 1950, na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma na shekarun 1970, kuma an tsara su da ire-irensu ne a zamanin da ɗalibai ba su yi yawan na yanzu ba, babu kuma mai shigowa da kwamfuta yana neman soket. Asusunku ma saboda irin wannan lalacewa aka kafa shi, bayan yarjejeniyar ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, da gwamnatin tarayya ta 1992, wadda ta kai ga dokar harajin ilimi ta 1993, kafin dokar 2011 ta mayar da shi TETFund. Bunƙasa laburare na cikin abubuwan da kuke ware wa kaso, saboda haka kuna da bakin magana a kan yadda ake aikin.

Abin da ake yawan mantawa shi ne lokacin ɗalibi ƙidayayye ne. Wanda ya shigo yin digiri na shekara huɗu, idan aka rufe laburare shekara guda, to rubu'in zamansa a jami'a ya wuce ba tare da wurin karatu ba, kuma babu wanda zai biya shi wannan shekarar. Wanda ya fi shan wahala shi ne ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi, domin ɗan masu hali yana da kwamfuta da data da ɗaki mai sola, shi kuwa ɗan talaka da yake kwana a ɗakin da mutane suka cika maƙil, laburare ne kaɗai wurin da yake samun fitila da fanka da tebur da shiru a lokaci guda. Ɗalibai mata sun fi shi shiga tsaka mai wuya, don da yawansu ba za su iya zuwa karatun dare a ajin da babu haske babu mai gadi ba. Ga 'yan ajin ƙarshe masu rubuta furojet, da masu digiri na biyu da na uku, waɗanda aikinsu ya rataya a kan tsofaffin kundayen bincike da mujallun da ba a taɓa ɗora su a intanet ba. Ɗaliban da suka yi wata takwas a gida lokacin yajin aikin 2022 sun san zafin ɓatar lokaci, bai kamata gyaran da aka ce don su ake yi ya ƙara musu wani ba.

Maganin wannan ba mai tsada ba ne idan aka gwada shi da kuɗin kwangilar. Ana iya yin aikin hawa-hawa ko ɓangare-ɓangare, a bar wani sashe a buɗe, a kuma ajiye fashe-fashe da haƙe-haƙe masu ƙara sai lokacin hutu, nesa da makonnin jarrabawa. Inda dole sai an rufe ginin baki ɗaya, a keɓe zauruka na wucin gadi masu wuta da tsaro, a ƙara wa ƙananan laburaren tsangayoyin jami'a awoyin aiki, a kai musu littattafan da aka fi nema. Sauran kuma a tanadi hanyar da ɗalibi zai rubuta buƙatarsa yau, ma'aikaci ya ɗauko masa gobe.

Sai batun inda kuɗin yake tafiya. Fenti da tayil da gilashi su ne ido yake gani ranar buɗewa, amma abin da ke kashe laburare yana ɓoye ne cikin silin da bango: tsofaffin wayoyin lantarki, rufin da ke yoyo da damina, gara, da ƙurar hunturu. A watan Oktoba na 2016 gobara ta cinye laburaren Jami'ar Jos, a watan Afrilu na 2021 kuma wutar daji ta kama laburaren Jagger na Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu, ta ƙone wani ɓangare na taskarsa ta nazarin Afirka. Ina roƙon a sa sabunta wayoyi, da na'urorin jin hayaƙi, da ƙofofin fita na gaggawa, a sahun farko. Haka nan a yi hattara da toshe tagogin da magina na dā suka buɗe don iska ta ratsa, a ce an sa na'urar sanyaya ɗaki, alhali an san halin wutar lantarki da tsadar man janareta. Ɗakin da aka toshe, da zarar an ɗauke wuta a watan Afrilu, ba mai iya zama a cikinsa. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara 5 su samar da hanyar shiga, wa'adin kuma ya cika, don haka kada a karɓi ginin da mai keken guragu zai tsaya a ƙasan matakala.

Kwashe kaya ma aiki ne na ƙwararru. A wasu laburarenmu akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, da tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, waɗanda idan suka jiƙe ko suka ɓace babu kasuwar da za a sayo wasu. Ma'aikatan laburare ne ya kamata su ƙidaya su, su ɗaure su, su ajiye su, ba leburorin ɗan kwangila ba, kuma tun wajen zanen gyaran ya dace a zauna da shugaban laburare da wakilan ɗalibai.

Ranka ya daɗe, tunda asusun yana biyan kuɗin ayyuka ne kashi-kashi, ina roƙon a ɗaura kowane kaso da cika waɗannan sharuɗɗa, a kuma wajabta wa jami'a ta manna ranar fara aiki da ranar gamawa a ƙofar ginin, tare da sanar da ɗalibai dalili duk lokacin da aka ɗaga ranar.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin jami'a